Hunturu a Katsina, Bazara a Bahiya

A watan Janairu, sa'ad da hazo ya lulluɓe Katsina har mutum ba ya iya hango ƙofar gari daga bakin kasuwa, tsofaffi suka kewaye wuta da asuba suna ɗumama ruwan alwala, leɓɓa suka tsattsage, dugadugai suka yi faso, a daidai wannan lokaci akwai wani birni a ɗaya ƙetaren Tekun Atilantika, wanda nisansa daga tsakiyar duniya ta kudu ya yi daidai da nisan Katsina daga gare ta ta arewa, watau daraja 13 ko kusa da haka, inda mutane ke fitowa da 'yar riga shara-shara suna neman inuwa tun hantsi bai dubi ludayi ba. Sunan birnin Salvador, shi ne babban birnin jihar Bahiya ta ƙasar Birazil. Turawan Fotugal suka kafa shi a shekarar 1549, kuma daga nan suka riƙa mulkin ƙasar har zuwa 1763. Allah ya ƙaddara mini zama a cikinsa na wasu shekaru, ina koyarwa ina kuma koyo, kuma abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau shi ne wata ɗabi'a da na gani ga wasu 'yan uwanmu mazauna can, ɗalibai da 'yan kasuwa da ma'aikata, wadda na daɗe ina musu da su a kanta, har na ga ya kamata in shimfiɗa hujjata a bainar jama'a, mai hankali ya yi mana alƙalanci.

Ɗabi'ar ita ce, da zarar Disamba ta kama, gari ya fara motsi, makarantu suka rufe, masu gida da maƙwabta suka fara shirin abin da suke kira verão, watau bazararsu, sai ɗan uwanmu ya ja ƙofa ya rufe, ya kunna fanka, ya rungumi waya yana bin labarin gida da ke gaba da shi da sa'a huɗu, yana ƙirga kwanaki har Maris ya wuce. In ka tambaye shi dalili, sai ya ce maka wara'i ne, garin ya cika da fasadi. Ni kuwa a ganina, mafi yawan wannan wara'i kasala ce da kewar gida suka yi wa rawani, kuma baƙon da aka ajiye a tsakiyar ni'ima wata huɗu cur ya ƙi ɗaga kai ya dube ta, yana da tambayar da zai amsa game da shukura.

Ba na zarginsu gaba ɗaya, domin kalmar ce ta fara yaudararmu. Idan Bahaushe ya ji an ce bazara, abin da ke zuwa masa a rai shi ne Afirilu a Sakkwato ko Maiduguri: rana tana dukan ƙasa har kwalta ta yi laushi, rijiya ta ja ruwa, rumbu ya yi ƙasa, ana fargabar sanƙarau, ana kwana a tsakar gida ana juyi a kan tabarma, kowa idonsa na gabas yana jiran hadari. Bazara a wurinmu jarrabawa ce da ake haƙuri da ita, saboda haka mutumin da ya tashi a cikinta, in ya ji wasu suna ɗokin zuwan zafi kamar yadda muke ɗokin kaka, sai ya zaci ko dai ba su da hankali ko ba su da aikin yi. Alhali kuwa zafin Bahiya bai cika wuce daraja 31 ko 32 ba, iskar teku tana kaɗawa dare da rana, kuma ruwansu mai yawa sai Afirilu zuwa Yuni yake sauka, lokacin da gari ke yin duhu, tudu yana zaizayewa a kan gidajen talakawa. Abin da yake wahalar da mu kawai shi ne gumi, domin iskar tana da laima, rigar da ka sa da safe ba ta kai azahar. In don wannan ne, ai wanda ya yi zaman Ikko ya san maganinsa.

Bari in faɗi yadda na riƙa tafiyar da yinina, ba don na fi kowa dabara ba, sai don a ga cewa abin mai yiwuwa ne. A tsakiyar bazara alfijir yana ketowa kafin ƙarfe huɗu, rana kuma tana fitowa wajen ƙarfe biyar, wanda ke nufin Musulmin da ya tashi sallar asuba ya riga gari duka tashi, kuma an ba shi kyautar sa'a biyu ko uku da masu kwana a gidan rawa ba su san da su ba. A wannan lokaci gaɓar Porto da Barra, wadda da azahar ba ka samun wurin ajiye ƙafa saboda cinkoso, ba kowa a cikinta sai masunta suna tura kwale-kwale da tsofaffi masu ninƙaya don lafiyar gaɓoɓi, ruwan kuma a kwance yake kamar na tafki, saboda yana cikin bakin babban lungun tekun nan da suke kira Todos os Santos. Mas'alar tsiraici, wadda ita ce babbar hujjar masu rufe ƙofa, lokaci kaɗai ya warware rabinta. Da rana ta take sai in koma gida in yi ƙailula, sunnar da muka iya tun muna yara. Bayan la'asar kuwa, wata rana in gangara unguwar Ribeira, inda akwai wani shagon askirim da ke nan tun 1931, ana yin sa da 'ya'yan itatuwan da ban taɓa jin sunansu ba sai a can, wata rana in shiga na'urar hawa ta Lacerda, wadda tun 1873 take ɗaukar mutane daga birnin ƙasa zuwa birnin tudu, in tsaya a sama ina kallon jiragen ruwa masu zuwa tsibirin Itaparica.

Akwai wani abu da suke yi wanda da farko ya ba ni dariya, daga baya ya ba ni kunya. Saboda birnin yana fuskantar yamma ta wajen lungun tekun, rana tana faɗuwa ne a cikin ruwa, kuma kowace yamma jama'a sukan taru a kan ciyawar da ke gindin hasumiyar fitilar Barra su zauna suna kallonta, har idan gefenta na ƙarshe ya nutse sai su tafa mata, kamar mawaƙi ya gama waƙa. Na ce a raina, ga mutanen da ba su san wa za su gode wa ba. Sai kuma na tambayi kaina, ni da aka karantar da ni tun ina riƙe da allo cewa saɓawar dare da rana aya ce ga masu hankali, sau nawa a rayuwata na taɓa barin abin da nake yi na zauna don in yi tadabburi a kan faɗuwar rana? Ban iya tuna ko sau ɗaya ba. Tun daga ranar na zama ɗaya daga cikin masu zaman ciyawar nan, su suna tafi ni ina tasbihi, in an watse in nemi wuri in yi magariba.

Amma abin da ya fi karya mini hujjar baƙunta shi ne ƙosai. Ranar da na fara jin ƙamshinsa a bakin titi, na waiwaya na ga wata dattijuwa baƙa cikin farin tufafi da ɗaurin ɗankwali, ta zauna a bayan kasko tana ɗiban ƙullun wake da babban cokali tana sakawa a cikin manja, wallahi sai da na tsaya na murza idona. Suna kiransa acarajé, daga akara na Yarabawa. Waken nan namu ne mai baƙin ido, an jiƙa an surfe an markaɗa da albasa, an buga shi har ya tashi, ba abin da ya bambanta shi da na ƙofar gidanmu sai girma, da manja maimakon man gyaɗa, da kuma yadda suke tsaga shi biyu su cusa masa wani haɗi mai kauri da suke kira vatapá da miyar kuɓewa da busasshen jatan lande. Mai tuyar za ta tambaye ka ko mai zafi kake so ko mai sanyi, kuma nufinta barkono ne, tarkon da Turawa masu yawon buɗe ido ke faɗawa kullum su koma suna hawaye, wanda kuwa aka yaye da yaji sai dai ya ce a ƙara. Wani ɗan uwa ya taɓa ce mini shi ba ya ci, domin mabiya addinin gargajiya na can, wanda ya yi kama da bori a wasu fuskoki, suna miƙa irinsa ga abin bautarsu. Gaskiya ne suna yi, har ma wasu Kiristocin garin sun sauya masa suna don gudun wannan. Amma wanda ake sayarwa a titi don ciniki wake ne da mai da gishiri, ba yanka ba ne balle a tambayi sunan wa aka ambata, kuma in da za mu bar duk abincin da wani ya taɓa kai wa gunki, da ba mu sha nono ba. Game da kifi da jatan lande da ƙaguwa, Malikiyya sun hutar da mu, abin da ke cikin teku halal ne. Inda hattara ta wajaba shi ne tukunyar wakensu mai suna feijoada, wadda da wuya a rasa naman alade a cikinta, da duk wani wake da aka dafa a gidan abinci, sai ka tambaya kafin ka sa hannu.

Wata rana kuma a wani gidan abinci na ga an rubuta arroz de hauçá, watau shinkafar Hausa. Shinkafa ce da aka dafa ta yi laushi kamar za a tuƙa tuwo, aka zuba mata soyayyen busasshen naman shanu da albasa. Mai kawo abincin bai san me kalmar take nufi ba, kuma da na ce masa ni ne hauçá ɗin, sai ya yi dariya ya zaci wasa nake yi.

A nan ne maganar ta wuce ta ciki da shan iska, ta zama ta haƙƙi. Bayan da jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya tashi a 1804, yaƙe-yaƙen da suka biyo baya sun samar da fursunoni daga ɓangarorin biyu, kuma da yawa daga cikinsu an gangara da su kudu hannu zuwa hannu har bakin teku, aka loda su a jiragen da suka nufi Bahiya. Ba Turawa ne suka shigo ƙasar Hausa suka kama su ba, wannan ɗaci ne da ya kamata mu haɗiye da kanmu. A 1807 hukumar birnin ta bankaɗo wani shirin tawaye na Hausawa kafin ya tashi. A watan Fabrairu na 1814 suka tashi a Itapuã, wurin masunta a wancan zamani, wanda yau rairayinsa na cikin wuraren da ake tururuwar zuwa shan iska. Sannan a daren 24 ga Janairu 1835, wayewar Lahadi, cikin goman ƙarshe na Ramadan, Musulmi bayi da 'yantattu kimanin 600, mafi yawansu Yarabawa tare da wasu Hausawa da Nufawa, suka fito cikin fararen riguna da layu a wuya suka yi artabu da sojoji a titunan birnin, tun daga Ladeira da Praça har zuwa Água de Meninos inda aka ci ƙarfinsu. Sun zaɓi ranar ne domin iyayen gijinsu suna can wajen wani bikin coci a unguwar Bonfim, ɗaya daga cikin bukukuwan bazarar da har yau ake yi. An kashe kimanin 70 daga cikinsu, aka harbe huɗu a filin Campo da Pólvora ranar 14 ga Mayu, aka yi wa wasu bulala, aka mayar da wasu Afirka. Cikin waɗanda aka tuhuma akwai wani Bahaushe mai sayar da taba da ake kira Dandará, wanda yake karantar da 'yan uwansa. Rubuce-rubucen Larabci da aka ƙwace daga hannunsu suna nan a gidan adana takardun tarihi na jihar, kuma masanin tarihin nan João José Reis ya yi shekaru yana nazarin shari'arsu. Bayan wannan ma, ƙaramin jakadan Faransa a birnin, Francis de Castelnau, ya zauna da Hausawa bayi suka ba shi labarin garuruwansu da hanyoyin da aka bi da su, ya buga a 1851. Ba a haramta bauta a Birazil ba sai ranar 13 ga Mayu 1888.

To, mutanen nan sun ga wannan rana da wannan teku, sun sha wannan iska, amma suna ɗauke da buhunan sukari da kujerun da ake ɗaukar masu gida a ciki, ba su da ikon zama a inuwa sai an ba su izini. Jikansu ya zo yau da fasfo a aljihu, da tikitin komawa, babu mai hana shi zama inda ya ga dama, sai ya kulle kansa a ɗaki ya ce garin ba nasa ba ne. Ina ganin a duk faɗin Amurka ta Kudu babu birnin da Bahaushe ya fi cancantar ya taka ƙasarsa da ƙarfi kamar wannan.

Ba zan ɓoye abin da masu musu da ni suka yi gaskiya a kansa ba. Bazarar Bahiya tana da fuskar da Musulmi ba shi da rabo a cikinta. Giya ta fi ruwa arha a wasu wurare. A Janairu ana yin tattaki na wajen kilomita takwas cikin fararen kaya don wanke matakalar cocin Bonfim, ranar 2 ga Fabrairu kuma ana kai furanni da turare ga wadda suke ɗauka uwar teku ce a unguwar Rio Vermelho, waɗannan ibadun wasu ne, iyakar baƙo ya san suna nan ya girmama masu yi ya wuce. Sai kuma bikin kanibal, wajen mako guda ana bin manyan motoci masu ɗauke da lasifika da makaɗa, al'adar da ta faro a 1950, gari ya zama kamar an buɗe gidan mahaukata. Ni dai a wannan mako nakan haye jirgin ruwa in tafi tsibiri, kuma jirgin yakan cika da 'yan gari masu gudun hayaniyar, wanda ya nuna cewa ba sai kana Musulmi ba kafin ka gaji da ita. Haka kuma akwai wani nau'in ɗan uwa da ya fi mai rufe ƙofa ba ni tsoro, wanda ya riƙe karin maganar nan ta cewa in ka je gari ka ga kowa da jela kai ma ka nemi taka, ya ɗaura har biyu, ya dawo gida bayan shekara huɗu babu digiri babu alƙibla. Amma kasancewar akwai mashaya a kasuwa bai taɓa hana mu zuwa cefane ba, fiƙihun da muke aiki da shi a Sabon Gari shi ne zai yi mana aiki a can.

Akwai ma wata ibra a cikin kanibal ɗin da sai wanda ya leƙa zai gani. Masu kuɗi sukan sayi wata riga mai launi da ke ba su damar rawa a cikin igiyar da aka kewaye motar da ita, talakawa kuwa, mafi yawansu baƙaƙe, su ne ake biya 'yan kuɗi kaɗan su riƙe igiyar suna tura 'yan uwansu waje. Sunan wannan riga abadá, kuma shi ne sunan farar rigar da Musulmin 1835 suka sa suka fita. Baƙon da albashinsa ke zuwa da dala, ko da fatarsa baƙa ce, ya sani cewa a cikin igiyar yake, kuma daɗin da yake ji na arhar kifi da kwakwa wani ne ya tashi tun tsakar dare ya samar da shi. Wannan ya isa ya hana shi taƙama, ya hana shi yi wa mai tuya tayin wulaƙanci. Ya kuma isa ya koya masa kada ya riƙa yawo da waya a hannu: ni an fizge tawa a wani lungu da rana tsaka, yaron da ya fizge ta bai kai shekara goma sha biyar ba.

Fa'idar da ta fi kowace girma a wurina ita ce maƙwabta. Da zafi ya hana zaman ɗaki, mutanen unguwarmu sukan fito da kujerun roba ƙofar gida bayan isha'i, maza suna buga domino da ƙarfi kamar yadda ake buga dara a gindin bishiya, mata suna hira, yara suna ƙwallo a kan titi. Fotugisancin da na yi wata shida ina fama da shi a littafi, a wannan majalisa ya zauna mini a baka. Wata tsohuwa da ke kallon gidanmu, wadda ba ta kirana da komai sai ɗana, ta tambaye ni sau ɗaya tak dalilin da ya sa ba na shan giya, na gaya mata, daga ranar duk sa'ad da aka zagayo da kwalba sai ta aiki jikanta ya saro mini kwakwa, kuma in wani baƙo ya matsa mini ita ce ke tsawata masa. Ita da 'ya'yanta ba su taɓa zama da Musulmi ba kafin ni, abin da suka sani sai na talabijin. Da na bi shawarar masu rufe ƙofa, da har yau abin da suka sani ke nan.

A shekarata ta ƙarshe azumi ya riske mu a ƙarshen bazara, kuma akwai wani yaro ɗan Zariya da ya yi wata biyar a garin bai san ko'ina ba sai ɗakinsa da ajinsa. Bayan mun idar da sallar Juma'a a cibiyar Musulunci da ke unguwar Nazaré, na ce masa yau tare za mu sha ruwa. Ya ce, Malam, a ina? Na ce ya dai biyo ni. Muka ratsa ta Campo da Pólvora, inda yanzu akwai tashar jirgin ƙasa na cikin gari, na nuna masa wurin na ba shi labarin mutum huɗun, muka yi musu addu'a a tsaye mutane suna wuce mu. Daga nan muka hau mota zuwa Barra muka zauna a kan ciyawa, da kwakwa biyu da ƙosai biyu a takarda, har rana ta nutse jama'a suka tafa. Ya kurɓi ruwan, ya gutsuri ƙosan, ya yi shiru wani lokaci mai tsawo yana kallon takardar da manja ya jiƙa. Can ya ɗago ya ce, Malam, to koko fa, su ma suna da shi? Na ce akwai wani kunu da mata ke sayarwa a tashoshin mota tun da asuba, na masara da na rogo, in ya shirya gobe kafin alfijir sai mu je mu gani ko za mu same su kafin a kama baki.